Kunne da Ido: Ma'aunan Zaɓen Littattafai ga Ɗaliban Firamare a Cikin Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin ma'aunan da ya kamata a bi wajen zaɓa wa ɗaliban firamare littattafan karatu a ƙwaryar birnin Kano. Ta nuna cewa muhawarar da ake yi a kan littattafan yara ta fi karkata ga tarbiyya, alhali akwai tambayar da ta riga ta, wato ko yaron zai iya karanta abin da aka ba shi. An dogara da tsarin sautin Hausa da ƙa'idojin rubutunta, da tarihin littattafan makaranta a Arewa, da kuma tsanin littattafai na makarantun allo da na ilimi. Maƙalar ta bambance littafin ido, wanda yaro zai karanta da kansa, da littafin kunne, wanda za a karanta masa, ta kuma ba da shawarar a riƙa auna kowanne da nasa mudun.

Muhimman kalmomi: adabin yara, koyon karatu, firamare, ƙa'idojin rubutu, Kano

1.0 Gabatarwa

A watan Oktoba na 2023 Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta shiga farautar wani littafin koyon Ingilishi mai suna Queen Primer, bayan iyaye da malamai sun koka cewa akwai kalamai a cikinsa da ba su dace da yara ba. Kafin wannan, a 2007, an ƙona wasu littattafan hikaya na Hausa a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa hujjar suna ɓata tarbiyyar ɗalibai. A duka lokutan biyu hankalin jama'a ya tafi ga abin da za a raba yaro da shi. Ba a tsaya sosai a kan abin da za a miƙa masa a madadinsa ba.

Damuwar iyaye a kan tarbiyya tana da tushe, kuma za a dawo kanta a gaba. Sai dai littafi yana iya tsira daga duk wani zargi na ɓatanci amma ya cuci yaro ta wata hanya: ya fi ƙarfinsa, ya yi ta kokawa da shi har ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi daƙiƙi ne. Gwaje-gwajen karatun Hausa da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato tun daga 2011 sun gano cewa mafi yawan yaran da ke ƙananan azuzuwa ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga gajeren labari ba. Wannan ya isa gargaɗi ga duk mai zaɓen littafi a ƙasar Hausa, domin ajin da yaro yake ciki ba ya tabbatar da abin da idonsa ya iya.

2.0 Yaron da Ake Zaɓa wa Littafi

Yaron Yakasai ko Mandawari ko Ƙoƙi yakan shiga makarantar boko da kaya a kansa. Da asuba ya je makarantar allo, da hantsi yana firamare, da yamma kuma Islamiyya. A allo yana bin rubutu daga dama zuwa hagu, da hannun Magaribi da ruwayar Warshu. A Islamiyya galibi zai tarar da bugun Hafsu. A firamare rubutu ya juya daga hagu zuwa dama, kuma harufan boko iri ɗaya suna yi masa aiki biyu, domin sautin da wasalin a yake bayarwa a Hausa ya tsaya wuri ɗaya, a Ingilishi kuwa yana sauyawa daga kalma zuwa kalma.

Ta fuskar ji kuwa yaron ya yi nisa. Ya saurari tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi, ya ji ƙissoshin annabawa, ya ji wa'azi da shirye-shiryen rediyo, ya san cinikin Kasuwar Kurmi da ta Rimi, yana kuma gane habaici da zambo. Bahaushe ya ce kunne ya girmi kaka. A wajen ɗan aji biyu, kunne ya girmi ido da shekaru masu yawa.

Masana koyon karatu sun yi bayanin wannan tazara. Gough da Tunmer (1986) sun nuna cewa fahimtar rubutu tana tsaye ne a kan ƙafa biyu: iya haɗa baƙi da wasali a fitar da kalma, da kuma fahimtar harshen da aka yi rubutun da shi. Idan ɗaya ta karye, ɗayar ba za ta ɗauki nauyin ba. Chall (1983) kuma ta raba shekarun firamare gida biyu, wato lokacin koyon karatu a azuzuwan farko, da lokacin yin karatu domin koyon wani abu, wanda yake farawa wajen aji huɗu. Yaron birni yana da ƙafa ta biyu da ƙarfinta a Hausa. Ta farko ce take bukatar reno.

3.0 Tsani Biyu da Kano Ta Gada

3.1 Tsanin allo da zaure

Jera karatu daki-daki tsohon abu ne a birnin Kano. A makarantar allo yaro yana farawa da babbaƙu, wato baƙaƙe ba tare da wasali ba, sannan farfaru, sannan ya soma haɗawa. Malam ba ya cewa a wanke allo sai karatun ya zauna. A makarantun ilimi na zaure, irin waɗanda unguwar Madabo ta yi suna da su, ɗalibin fiƙihu yakan fara da Ƙawa'idi, ya shiga Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya, sannan Risala, kafin ya kai ga Askari da Muhtasar. Babu wanda yake tambayar shekarun ɗalibi kafin a ɗora masa littafi na gaba. Abin da ake dubawa shi ne ko ya ƙoshi da na baya. Don haka akan ga dattijo da matashi a kan littafi ɗaya ba tare da wani ya ji kunya ba.

Darasin da ke nan shi ne, iyawa ake bi wajen hawa tsani. Tsarin boko ya ɗaure littafi da aji, ya ɗaure aji da shekaru, sai ya zama yaron da aka ciyar gaba ba tare da ya iya haɗa baƙi ba yana riƙe da littafin aji biyar alhali idonsa yana aji ɗaya.

3.2 Tsanin boko

Hans Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, bayan ganuwa, a 1909. Daga baya boko ya shigo cikin birni, aka sami makarantu irin ta Shahuci, inda Malam Aminu Kano ya yi elementare. Matsalar farko da aka ci karo da ita ita ce rashin abin karantawa. Wannan ya sa aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin R. M. East. Gasar da ta shirya a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Jiki Magayi na John Tafida da East shi ma ya fito a wannan zango. Magana Jari Ce ya biyo baya cikin juzu'i uku a ƙarshen shekarun 1930. Kamfanin Gaskiya (1945), da Hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin NNPC (1966) suka ci gaba da aikin.

A ƙasan wannan tsani akwai ƙananan littattafan da sunayensu kaɗai suka nuna jerinsu: Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. A farkon shekarun 1970 Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni cikin littattafai shida, Umaru Dembo kuma ya fitar da Wasannin Yara. Dattawan da suka yi firamare a wancan zamani sun hau wannan tsani mataki-mataki kafin su isa ga Magana Jari Ce. Abin da yake yawan faruwa a yau shi ne a tuna da saman tsanin a manta da ƙasansa, uba ya saya wa ɗansa ɗan aji biyu littafin da shi kansa bai karanta ba sai a ƙarshen firamare.

4.0 Ma'aunan Littafin Ido

Littafin ido shi ne wanda yaro zai karanta da bakinsa, ba tare da an ja shi ba. Ana auna shi da abubuwa huɗu.

4.1 Ginin gaɓa

Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Wannan sauƙi ne babba ga mai koyo, domin da zarar ya riƙe wasula biyar da baƙaƙe kaɗan zai iya karanta jimla sukutum. Littafin farko ya kamata ya tsaya a kan buɗaɗɗiyar gaɓa, kamar a ce “Bala ya ga kaza a rariya.” Rufaffiyar gaɓa, irin ta “tambaya” da “makaranta”, ta biyo baya. Baƙaƙe masu ƙugiya (ɓ, ɗ, ƙ) da 'y, da masu goyo irin su sh, ts, ky, gw da ƙw, a shigo da su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a maimaita shi har ya zauna. Jimla kamar “Ƙyanƙyasar ƙwai ta ɗauki kwanaki” ba ta fi ta farko tsawo sosai ba, amma tazarar da ke tsakaninsu a idon mai koyo ta kai zangon karatu guda ko fiye.

4.2 Karin sauti da tsawon wasali

Daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Don haka “gari” yana iya zama na mutane ko na tuwo, “kuka” na ido ko na miya, “baba” kuma mahaifi ko abin da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata. Babba yana warware wannan daga muhallin magana ba tare da ya lura ba. Yaron da yake bin kalma gaɓa-gaɓa bai kai ƙarshen jimla ba balle muhalli ya taimake shi. Jimla irin “Ya ji kuka a gindin kuka” abin wasa ce mai daɗi ga ɗan aji huɗu, tarko ce ga ɗan aji ɗaya. Littafin farko nagari yana kauce wa irin waɗannan kalmomi, ko ya sa hoton da zai raba gardama a gefensu.

Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa ma'aunan sauƙin rubutu da aka gina domin Ingilishi, kamar na Flesch (1948), ba su yi wa Hausa daidai. Suna ƙirga gaɓoɓin kalma da kalmomin jimla. Kalma mai gaɓa huɗu a Hausa tana iya fin mai gaɓa biyu sauƙi, kuma ƙananan kalmomi irin su ya, ta, na da da suna tsawaita jimla ba tare da sun ƙara mata nauyi ba.

4.3 Ƙa'idojin rubutu

Tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966, da na Yamai na 1980, aka daidaita rubutun Hausa. Duk da haka kasuwa cike take da littattafan da suka zubar da ƙugiya, suka haɗe “za mu” da “ya ce”, suka raba abin da ya kamata a haɗe. Babba zai karanta “kasa” ya gane ƙasa ake nufi. Yaro kuwa yana ɗaukar abin da ya gani a bugu a matsayin hujja, kuma kuskuren da ya shiga kansa a aji biyu shi ne malamin jami'a yake fama da shi bayan shekara goma sha biyar. Mai zaɓe ya buɗe shafi uku ko huɗu ya duba ƙugiya da rabon kalma. Idan sun lalace a nan, sun lalace a ko'ina.

4.4 Gwajin yaron kansa

Ma'auni na ƙarshe yana bakin yaron. Betts (1946) ya kasa karatu mataki uku. Idan yaro ya karanta kalma ɗari bai yi tuntuɓe fiye da sau ɗaya ba, littafin nasa ne shi kaɗai. Idan tuntuɓen ya kai kamar biyar, littafin na karatu ne tare da malami. Idan ya kai goma ko ya wuce, littafin ya fi ƙarfinsa. Uba ko malami zai iya yin wannan gwaji a tsaye a gaban mai sayar da littafi: a buɗe tsakiya, yaro ya karanta shafi ɗaya, sannan a tambaye shi abin da ya faru. Tambayar tana da muhimmanci a Kano musamman, domin yaron allo gwanin hadda ne, yana iya rera shafin da ya ji sau biyu ba tare da idonsa ya taɓa harafi ba. Shi ya sa ake buɗe shafin da bai taɓa ji ba.

Girman harafi, da tazarar layi, da ingancin bugu duk suna ƙarƙashin wannan. Kwafin sata mai dusasshen tawada, wanda ƙugiyar ɗ ta narke ta koma d, arahar da ba ta ado ce.

5.0 Ma'aunan Littafin Kunne

Idan aka tsare yaro a kan “Bala ya ga kaza” har shekara biyu, zai ɗauka cewa abin da ke cikin littafi ke nan, kuma hirar kakarsa ta fi shi daɗi. Don haka yana bukatar littafi na biyu, wanda malami ko yayarsa za ta karanta masa. Nan ne muhallin Magana Jari Ce ga ƙananan azuzuwa. Ɗan shekara bakwai yana iya bin dabarun akun da yake ɗauke hankalin Musa da labarai, ya yi dariya inda ya kamata, ya tsinci kalmomi da karin magana, tun shekara uku kafin idonsa ya iya bin shafin. Haka Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa.

A littafin kunne, nauyin da ake aunawa na jigo ne. Nan tambayar tarbiyya ta shigo, kuma tana bukatar a karanta littafin tun daga farko har ƙarshe, domin suna da daɗewa ba su isa shaida ba. Jiki Magayi labarin ƙwace da ɗaukar fansa ne wanda ya ƙare da ɗa ya zama ajalin mahaifinsa. Shaihu Umar yana ɗauke da satar yaro da bauta da wahalar uwa mai neman ɗanta. Dukansu manyan ayyuka ne, amma mazauninsu sakandare. Ko a cikin Magana Jari Ce malami zai zaɓi labarin da zai karanta wa aji biyu ya ajiye wani sai aji shida. Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun daga shekarun 1980 an rubuta su ne domin manya da matasa, kuma laifin samunsu a jakar 'yar aji biyar yana wuyan wanda ya bar ta ba ta da wani abin karantawa da Hausa.

Akwai kuma bambanci tsakanin tsoron da aka ji a cikin jama'a da wanda aka karanta a kaɗaice. Dodon tatsuniya yana zuwa ne da muryar wanda yaro ya amince da shi, a tsakar gida, kuma ana rufe labarin a watse da dariya. Dodon da ke cikin shafi ba shi da mai rufe shi. Abin da ya halatta a littafin kunne ba lalle ne ya halatta a littafin ido na shekaru ɗaya ba.

Bishop (1990) ta kwatanta littattafan yara da madubi da taga. Yaron birni yana bukatar ya ga kansa: lungu da soro, hawan Sallah, Dutsen Dala, ɗinkin hula, 'yar talla da take son komawa aji. Yana kuma bukatar ya leƙa abin da bai sani ba, kamar teku da jirgin ƙasa da rayuwar yaran wasu ƙasashe. A matakin farko madubi ya fi yawa, domin sanannen abu yana taimakon ido. Daga aji huɗu sai a ƙara buɗe taga.

6.0 Harshe da Hanyar Samu

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na muhallinsa a shekarun farko na firamare, kuma a 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da faɗaɗa wannan zuwa shekara shida. Ko manufa ta tsaya ko ta sauya, hujjar harshe tana nan: yaro yana koyon haɗa baƙi sau ɗaya ne, kuma ya fi saurin koyonsa a harshen da idan ya furta kalma zai gane ta. Iyaye da yawa suna auna makaranta da yawan littattafan Ingilishi da ke cikin jaka. Yaron da ya iya karatun Hausa da kyau yana shiga Ingilishi da makami a hannu, wanda kuwa aka fara masa da harshen da bai ji ba yakan koma hadda.

Giɓin da ya fi girma yana tsakiyar tsani. Akwai littattafan koyon baƙaƙe, akwai kuma manyan ayyukan adabi, amma gajerun labaran da ɗan aji uku zai cinye a zama ɗaya sun yi ƙaranci a rumfunan Kurmi da shagunan Sabon Gari. Shirye-shirye irin su Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, sun samar da jerarrun littattafan Hausa, haka kuma rumbun intanet na African Storybook yana da labaran Hausa da aka kasa mataki biyar, waɗanda za a iya bugawa kyauta. Sai dai da yawansu fassara ne, don haka suna bukatar idon masanin Hausa kafin su shiga aji.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa shekarun yaro da ajinsa ba su isa ma'auni ba. Littafin ido ana auna shi da ginin gaɓa, da kalmomi masu harshen damo, da ƙa'idojin rubutu, da gwajin bakin yaro. Littafin kunne ana auna shi da nauyin jigo da dacewarsa da tarbiyya. Kowane yaro yana bukatar duka biyun a lokaci guda. Ana ba da shawarar Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Kano, tare da sassan nazarin Hausa na Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi, su tsara matakai bayyanannu da za a riƙa bugawa a bangon kowane littafin yara, su kuma sa duba ƙa'idojin rubutu cikin sharuɗɗan amincewa da littafi. Ga manazarta kuwa, akwai aiki a buɗe na gina ma'aunin sauƙin rubutu wanda ya taso daga tsarin gaɓar Hausa, da kuma tattara jerin kalmomin da yaran birni suka fi amfani da su, domin marubuta su sami abin dogaro idan za su cike tsakiyar tsanin.